Motar da Ta Ƙi Juyawa

Da hantsin ranar Litinin aka bugo wa Insifekta Badaru waya cewa wata mota ta shige gindin tirela a hanyar mayanka, gaba kaɗan da kwanar Oko-Oba, kuma mai tuƙin ba ta kai asibiti ba.

Kafin ya isa an riga an ɗauke gawar. Abin da ya rage shi ne ƙaramar mota ruwan toka da hancinta ya cushe a bayan tirelar shanu, da takalmin mata ƙafa ɗaya, sai 'yan kallo, waɗanda Legas ba ta taɓa rasawa ba. Kowa na ba da labarin yadda aka yi, har waɗanda suka iso bayan Insifekta.

Tirelar ta mutu ne tun asuba a tsakiyar hannunta. Direban ya yi abin da suka saba, ya karyo ganye ya watsa a kwalta, ya tafi neman bakanike.

"Wace ce?" Badaru ya tambayi wani mahauci da ke tsaye kusa da motar.

"Zinariya ce, oga. 'Yar Baba Ya'u Mai Tanka. Nas ce, aiki za ta."

"Ka ga lokacin da abin ya faru?"

"A kan idona. Tana shawo kwana ta ga tirela, sai muka ji ƙara ta cika wuri. Birki ne ya ƙi, oga."

"In birki ya ƙi, ƙarar me ka ji?"

Mahaucin ya sosa ƙeya, ya ce shi ma haka ya ji ana faɗa.

Badaru ya bar shi ya bi kwalta da kallo. Layi biyu ne baƙaƙe wuluk, miƙaƙƙu kamar an ja su da rula, tun daga bakin kwana har zuwa bayan tirela, babu inda suka yanke. Ya durƙusa ya leƙa tayoyin gaba. Duka biyun sun karkata zuwa hagu iyakar karkacewa, wato inda ɗaya hannun yake, wanda shaidu suka ce babu kowa a cikinsa a lokacin.

Yarinyar ta ga hanyar tsira, ta murza sitiyari ta nufe ta. Motar ce ta ƙi bin ta. Wannan ya tsaya wa Badaru a rai, ya sa a ja motar zuwa caji ofis.

Unguwa kuwa ba ta jira bincikensa ba. Ana dawowa daga maƙabarta da la'asar, samari suka wuce kai tsaye garejin wani bakanike ɗan Nijar mai suna Habibou, wanda ya taɓa birkin motar ranar Asabar. Suka cinna wa rumfarsa wuta, suka karya masa hannu. Da 'yan sintiri ba su zo ba, da Agege ta yi jana'iza biyu a rana ɗaya. Suka kawo shi caji ofis aka kulle.

DPO ya kira Badaru ofishinsa.

"Mahaifin marigayiya ya ba da jawabi. Ya ce bakaniken ya lalata birki. Mutumin nan ya yi rayuwarsa yana jan tanka daga Apapa zuwa Arewa, ya fi ni da kai sanin birki. Ka rubuta caji mu kai shi kotu, unguwa ta lafa."

"Yallabai, ba a duba motar ba tukuna."

"To a duba. Amma kada Juma'a ta yi yana nan. Ba na son 'yan mayanka su zo mini ƙofar ofis da wuƙaƙe."

Haka abin yake. In aka kai Habibou kotu da tuhumar kisa, baƙo ne, ba shi da mai tsaya masa, zai shiga gidan yari ya jira shari'ar da ba wanda zai tuna da ita. Badaru ya ga irinsu da yawa, kuma abin ya daɗe da daina ba shi mamaki, haushi kawai yake ba shi.

Washegari aka fito masa da Habibou daga sel. Siriri ne, hannunsa ɗaure a wuya da tsumma, ido ɗaya a kumbure.

"Me ka yi wa motar?"

"Takalman birki na canza, Mushe. Shi kaɗai." Mushe shi ne yallabai a bakin mutanen Nijar.

"Sun cinye ne?"

"Ba su cinye ba. An ce in canza, na canza."

"Wa ya ce?"

Habibou ya dubi ƙasa. "Masu mota."

"Ka gwada ta bayan ka gama?"

"Na gwada. Na hau titi na taka da ƙarhi, ta tsaya lahiya lau. Wallahi da lahiyarta ta bar hannuna."

"Wa ka ba makulli?"

"Ita. Marigayiya."

"Da kanta ta zo?"

"Da kanta."

Badaru ya buga waya asibitin da take aiki. Ranar Asabar Zinariya ta shiga aiki tun safe, ba ta fito ba sai bayan magariba, shi kuwa Habibou yana rufe gareji da la'asar. Insifekta ya ajiye wayar ya kalli mutumin da ke gabansa. Ga shi wuyansa na kan wuƙa, amma ya zaɓi ya yi ƙarya. Ya sa aka mayar da shi sel.

Jami'in duba motoci, Injiniya Sadisu, ya iso bayan azahar. Ya sa aka ɗaga motar aka kwance tayoyi, ya daɗe yana leƙe-leƙe da tocila, sannan ya miƙe yana goge hannu.

"Wanda ya sa takalman nan ya iya aikinsa. Man birki bai zube ba, bututu bai fashe ba. Birkin nan ya kama, Insifekta. Kamawar ce ma ta yi yawa."

"Yi mini bayani yadda zan gane."

"Ka taɓa zamewa a kan laka? In ƙafarka na tafiya za ka iya juyawa. In ta fara sulɓi, sai inda sulɓin ya kai ka. Haka taya take. Muddin tana juyawa tana bin sitiyari. In birki ya danne ta ta tsaya cak, ta zama jan kaya a ƙasa. Ka murza sitiyari yadda kake so, motar gaba za ta yi."

"Shi ne layin da na gani a kwalta."

"Shi ne. Kuma bai kamata a gan shi ba, don motar nan tana da ABS."

Ya jawo Badaru ya nuna masa wani ɗan zobe mai haƙora a bayan taya, da wata 'yar na'ura da ke manne kusa da shi.

"Kowace taya tana da wannan. Aikinta ta riƙa lura da saurin juyawar tayar tana sanar da wannan akwatin da ke cikin bonet. Da zarar akwatin ya ga wata taya za ta tsaya alhali mota na gudu, sai ya sassauta mata birki, ya sake kamawa, ya sake sassautawa, sau da yawa kafin ka ƙifta ido. Taya ba za ta kulle ba. Direba ya danne birki iya ƙarfinsa, ya kuma kauce wa abin da ke gabansa. In yana wannan aikin za ka ji birkin na rawa a ƙarƙashin ƙafarka, yana gurnani. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka wani abu ne ya karye."

"To me ya hana shi aiki jiya?"

Sadisu ya buɗe wani baƙin akwati kusa da batir. Fiyus-fiyus ne jere, kowanne da ɗigon farin fenti a kansa. A tsakiyar jerin akwai gurbi ɗaya fayau.

"Na ABS ke nan. Babba ne, kore. Ba faɗuwa ya yi ba, don sai an sa ƙarfi ake zare shi. In babu shi birki na nan yana kamawa kamar na motocin da, mai tuƙi ba zai ji bambanci ba sai ranar da ya shiga uku."

"Farin fentin fa?"

"Wasu kanikawa na yin haka. Duk wanda suka gwada suka ga yana da kyau sai su ɗiga masa, don kada su maimaita. Abin da ban gane ba shi ne, in aka zare fiyus ɗin nan, akwai fitila ruwan ɗorawa da ke kamawa a gaban direba, kuma ba ta mutuwa. Yaya aka yi ba ta gani ba?"

Suna cikin wannan sai ga mijin marigayiya, Mu'az, mai sayar da fatu a mayanka. Ya zo karɓar jakarta da wayarta. Idonsa ya yi ja, muryarsa ta dashe saboda amsa gaisuwa.

Badaru ya yi masa ta'aziyya, sannan ya ce ya tsaya. Ya zura hannu ta tagar da ta fashe ya murɗa makulli. Batirin bai mutu ba. Fitilun gaban direba suka kama, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. A gefen gilashin mita akwai wata 'yar sitika mai ɗauke da addu'ar shiga mota, kuma haske ruwan ɗorawa na leƙowa ta gefunanta. Badaru ya sa farce ya ɓamɓare ta. Ga haruffa uku na ABS suna ci a ƙarƙashinta.

"Wa ya manna wannan?"

Mu'az ya kalle ta, ya kawar da kai. "Tun da aka sayi motar take nan."

"Gam ɗinta bai ko bushe ba."

"To ita ta manna."

"Matarka ta san mene ne ABS?"

"Ta sani. Ita ta koya mini ma. Kullum cewa take, in abu ya taso ka danne kawai ka juya, kada ka saki, motar ta san aikinta."

"Mace mai wannan sanin za ta rufe fitilar da hannunta?"



Badaru ya juya sitikar. A ƙasan addu'ar akwai ƙaramin hoton tanka. Ya yi aiki a Apapa da daɗewa, ya san irinta. Tsofaffin direbobin tanka ke raba wa junansu.

"Ranar Asabar wa ya kawo motar gida?"

"Ba na nan."

"Wa ka tarar?"

"Oga, don Allah. Jiya na binne matata."

"Akwai mutum a sel da karyayyen hannu. Ranar Juma'a za a kai shi kotu a kan kisan matarka. In ka san wani abu ka yi shiru, kai ka kai shi."

Mu'az ya jingina da motar.  Abin da ya iya fitarwa kawai shi ne, "Akwai mutumin da ko sunansa ba na iya faɗa, balle in nuna shi da yatsa. Abeg, kada ka sa ni."

Ya karɓi jakar ya tafi. Badaru bai tsayar da shi ba. Bahaushe ne shi ma, ya san mutum ɗaya ne a duniya namiji ke jin wannan kunyar tasa, uban matarsa.

Ya sa aka sake fito da Habibou, ya ajiye sitikar a kan tebur.

"Marigayiya tana asibiti ranar Asabar. Baba Ya'u ka ba makulli."

Habibou ya fara girgiza kai, sai kuma ya fashe da kuka, irin kukan da babba ke yi yana jin kunyarsa.

"Mushe, da na zo garin nan ba ni da kowa. Shi ya ba ni wurin kwana a zaurensa. Shi ya roƙar mini hilin da na kahwa rumhwa. Ta yaya zan buɗe baki in ce shi ne?"

"Shi bai ji nauyin buɗe nasa ba. Jawabinsa na cikin fayil ɗin nan, da sunanka a ciki."

Wannan Habibou bai sani ba. Ya ɗauka samarin unguwa ne suka yi gaban kansu. Ya daɗe yana kallon fayil ɗin, sannan ya share ido da bayan hannu ya ba da labari.

Makon da ya wuce Zinariya ta ɗauki mahaifinta da wasu abokansa biyu, tsofaffin direbobi, za ta kai su suna a Iyana Ipaja. Ana yayyafi. Wani direban danfo, wato bas ɗin haya, ya yanko gabanta, ta danne birki, motar ta yi gurnani ta girgiza, ta kauce lafiya. Baba Ya'u ya ce birkin ya lalace, kuma ba haka ake takawa ba, ana takawa ne ana saki. Ita kuwa ta yi dariya ta ce, "Baba, wannan ba tankarka ba ce, ita ke yin taka-da-sakin da kanta." Abokan suka kwashe da dariya, suka yi ta tsokanarsa har aka dawo.

"Washegari ya zo gareji ransa a ɓace," in ji Habibou. "Ya ce in gyara. Na ce Baba, babu abin da ya lalace. Ya ce har ni zan koya masa mota? Don a zauna lahiya na canza takalman. Da ya zo ɗauka ya gwada da kansa, ya taka, ta yi rawar. Ya ce me ke sa ta? Na buɗe bonet na nuna masa akwatin, na nuna masa hiyus ɗin. Na ce Baba, wannan shi ke ceton rai."

"Ka ga ya zare?"

"Ban gani ba. Yana ciki lokacin da ya tahi, da hwarin hwentina a kansa."

Abin da Badaru ke da shi ke nan: maganar wanda ake tuhuma, da shirun suruki. Babu kotun da za ta kama dattijo mai makoki da waɗannan. Sai dai ya tuna wani abu daga zamansa a Apapa. Tsohon direban doguwar hanya yana iya yar da komai, ban da fiyus mai kyau. Wanda mota ta taɓa mutu masa a dajin da ba gari, ba ya ganin fiyus ya wuce.

Ranar Alhamis da safe ya sa kayan gida, ya ɗauki tasa motar, ya tafi gidan makoki shi da Sadisu. An kafa rumfa a ƙofar gida. Baba Ya'u na zaune a tsakiyar tabarma, farin gemu, ƙaton rawani, carbi a hannu. Mu'az na can gefe nesa da shi, kansa a sunkuye. Dattijon na yi wa mutane bayanin yadda kanikawan zamani suka lalace. Ana ta gyaɗa masa kai.

Badaru ya gaisa, aka yi addu'a aka shafa.

"Insifekta, yaushe za a kai yaron nan kotu?" Baba Ya'u ya tambaya.

"Gobe, in Allah ya yarda. Baba, kai ka ɗauko motar daga gareji?"

"Ni? Ina ruwana da motar yara. Ban taɓa ko sitiyarinta ba."

"To madalla."

Ya yi sallama ya shiga motarsa, wadda ya riga ya zare wa fiyus ɗin fanka tun kafin su ƙaraso. Ya buɗe bonet ya tsaya yana tsaki, yana cewa fanka ta ƙi tashi, inji zai yi zafi. Sadisu ya leƙa ya ce da ƙarfi, "Fiyus ne, babba. Ina za mu samu a nan?"

Ba a jima ba sai ga Baba Ya'u ya taso yana gyara babbar riga. Ko a ranar makokin 'yarsa, ba zai iya jin ana maganar mota a ƙofar gidansa ya zauna ba.

"Ku yaran yanzu, mutum ya fito da mota ba fiyus a aljihu? Matsa in gani."

Ya zaro wani tsohon gwangwanin alewa daga aljihu ya buɗe. Fiyus ne cike, manya da ƙanana, wasu sun girmi Insifekta a aiki. A samansu akwai babba kore, da ɗigon farin fenti a kansa.

Badaru ya sa yatsu biyu ya ɗauke shi.

"Wannan daga ina, Baba?"

"Na daɗe da shi."

"Fentin Habibou ne a kansa. Irinsa ne a kan duk na motar Zinariya, kuma gurbi ɗaya ne babu kowa." Ya fito da sitikar ya ɗora a kan bonet. "Wannan kuma a kan fitilar ABS na same ta."

 Waɗanda ke kusa suka miƙe.

"Sharri za ka yi mini a gaban mutane? Mu'az, kana ji ana ci mini mutunci?"

Mu'az bai ɗago ba. Da ƙasa yake magana lokacin da ya ce, "Na dawo daga mayanka ranar Asabar na tarar da bonet a buɗe. Na gaisar, na wuce ciki. Ban tambaya ba. Da na tambaya, da tana nan."

Gwangwanin ya suɓuce daga hannun dattijon, fiyus suka watse a ƙasa. Ya dafa motar.

"Gyara na yi," ya ce. "Wallahi gyara na yi. Birkin da ke rawa a ƙafa, a wurinmu lalatacce ne. Na sauko gangaren da ba ku taɓa gani ba da tanka cike da mai, ban taɓa kashe ko akuya ba. Na zare abin nan, na hau titi na taka, ta kama tsaf, ba rawa, ba gurnani. Na ce to yanzu ta zama mota. Fitilar ta kama, na san in ta gani za ta mayar wa yaron ya sa wani, a sake yi mini dariya. Sai na rufe. Na ce in ta kwana biyu ta ji daɗin birkin, in gaya mata a gaban mutanen nan cewa ubanta ya san abin da yake faɗa."

"Ka gaya mata ka taɓa motar?"

"A'a."

"Da safen Litinin ka gan ta?"

"Ta zo ta gaishe ni." Har yanzu girman kan bai gama sakinsa ba. "Da ta bi yadda na koya mata, ta taka ta saki, ta taka ta saki, da ta kauce."

"Ta yi abin da ya dace da motar da ta sani," in ji Sadisu. "Ta danne, ta juya. Da fiyus ɗin nan na ciki, da ta bi ta gefen tirelar ta wuce aikinta. Motar aka canza mata ba ta sani ba."

Baba Ya'u ya zame ya zauna a ƙasa.

Badaru ya tsaya a kansa. Ya so ya ji tausayinsa, ya kuma ji kaɗan, amma akwai tambayar da ta fi cinsa.

"Wannan kuskure ne, Baba, na yarda. Habibou fa? Da aka zo ana tambayar wa ya taɓa birki, me ya sa ka ba da sunansa? Kana zaune aka ƙona masa rumfa. Ka zo ofis da ƙafarka ka sa hannu."

Dattijon ya waiwaya ya kalli labulen ƙofar gida.

"Uwarta na ciki," ya ce. "Ta yaya zan shiga in ce mata ni ne?"

Ba sai ya shiga ba. Labule ya riga ya motsa, kuma kukan da ya tashi daga cikin gida ya bambanta da na kwanakin baya. Samarin da suka cinna wa gareji wuta suna cikin rumfar. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale, kowa ya tuna yana da uzuri.

Badaru bai sa masa ankwa ba. Ya buɗe masa ƙofar baya, dattijon ya shiga da kansa.

A caji ofis, ana karɓar rawanin Baba Ya'u da carbinsa a kanta, aka fito da Habibou za a sallame shi. Ba shi da rumfa, ba shi da kayan aiki, hannun da yake ci da shi a karye. Ya tsaya ya kalli mutumin da ya yi masa wannan. Badaru ya matso, don ya ɗauka za a yi rigima.

Habibou ya cire takalmi, ya durƙusa da ƙyar yana tallafe da hannunsa.

"Baba, ya haƙuri? Ban samu na zo gaisuwa ba, ina tsare. Allah ya jiƙan Zinariya."

Baba Ya'u ya buɗe baki zai amsa, amin ɗin ta ƙi fita. Kofur ya kama hannunsa ya wuce da shi ciki, zuwa sel ɗin da aka fito da Habibou.